Yadda Ake Fahimtar Ma'aunin Zafi na Salshiyas, da Yadda Ake Kwatanta Shi da Faranhait da Kelbin

Wani dare a tsakiyar damina, ɗiyar ƙanwata mai shekara biyu ta tashi da zafin jiki. Uwarta ta ɗauko ɗan ma'aunin zafi mai batir da ta saya a kemis, ta maƙala mata a hammata, bayan ɗan lokaci ya yi ƙara ya nuna 101.3. Nan take hankalin gidan ya tashi, domin abin da kowa ya saba ji daga bakin ma'aikatan asibiti shi ne lafiyayyen jiki ba ya nisa da 37, wanda kuma ya kai 40 yana cikin haɗari, to ina ga ɗari da ɗaya? Da aka kira ni, na karɓi na'urar na kai ta kusa da fitila, sai ga wani ɗan ƙaramin harafin F a gefen lambar, wanda ba kowane ido zai lura da shi ba. An danne maɓallin ne ba da sani ba, na'urar ta sauya daga ma'aunin Salshiyas zuwa na Faranhait. Da na yi lissafi, zafin jikin yarinyar 38.5 ne a ma'aunin da muka saba da shi. Zazzaɓi ne na gaske, kuma gari na wayewa aka kai ta asibiti, amma ba irin abin da ya sa uwarta kuka a daren ba ne.

Tun daga ranar nake ganin ya kamata kowane gida ya san cewa lambar zafi ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da ma'aunin da aka auna ta da shi, kamar yadda cewa an sayi hatsi goma ba ya gamsar da kowa sai an faɗa ko mudu ne, ko tiya, ko buhu. Matakan da ke tafe su ne hanyar da nake bi wajen koya wa mutane wannan, daga kan tushe har zuwa lissafin da ake yi da ka a kasuwa ko a bakin gadon marar lafiya.

Mataki na farko: a san turakan da aka kafa ma'aunin a kansu

Zafi ba shi da farko ko ƙarshe da ido ke gani, saboda haka duk mai son auna shi dole ya nemi wasu abubuwa biyu da kullum suke faruwa a zafi ɗaya, ya kafa su a matsayin turaka, sannan ya raba tazarar da ke tsakaninsu gida-gida daidai wa daida. Ma'aunin Salshiyas ya ɗauki ruwa, wanda babu inda ba a samunsa. Matsayin da tsabtataccen ruwa yake daskarewa ya zama ƙanƙara shi ne sifili, matsayin da yake tafasa a bakin teku kuma shi ne 100, kowane kashi ɗaya daga cikin ɗarin da ke tsakani shi ake kira digiri, ana rubuta shi da alamar °C. Wannan rabo na ɗari shi ya sa ya dace da tsarin awo na mita da kilo da lita, inda komai ke tafiya goma-goma, kuma shi ne ma'aunin da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, da takwararta ta Nijar da kusan dukkan ƙasashen duniya suke ba da rahoto da shi.

Sunan ya samo asali ne daga Anders Celsius, masanin taurari na jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin, wanda ya gabatar da ma'auninsa a 1742. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne nasa a juye yake: sifili ya ba tafasar ruwa, 100 kuma ya ba daskarewa, wato lamba tana hawa ne idan sanyi ya ƙaru. A 1743 wani Bafaranshe mai suna Jean-Pierre Christin ya ƙera ma'auni a birnin Lyon da sifili a wajen ƙanƙara, bayan rasuwar Celsius a 1744 kuma 'yan ƙasarsa, ciki har da masanin tsirrai Carl Linnaeus, suka juya nasa ya koma yadda muka san shi a yau. An daɗe ana kiransa santigiret, ma'ana mai matakai ɗari, kuma har yanzu tsofaffin malaman asibiti da tsofaffin littattafan makaranta suna amfani da wannan suna. Babban taron awo na duniya ne ya tsayar da sunan Salshiyas a 1948. Duk inda aka ci karo da sunayen biyu, abu ɗaya ake nufi.

Mataki na biyu: a ɗaure lambobin da abin da jiki ya riga ya sani

Kafin a taɓa kowane irin lissafi, ya fi amfani mutum ya haddace wasu lambobi kaɗan ya danganta su da abin da fatarsa ta saba ji. Sifili shi ne ruwan da ƙanƙara ke narkewa a cikinsa. Tsakanin 2 da 8 shi ne sanyin firjin asibiti, inda ake ajiye yawancin alluran rigakafi da insulin ɗin da ba a buɗe ba. Daga 10 zuwa 15 shi ne irin sanyin asubahin hunturu a Kano ko Zariya ko Damagaram a watan Disamba da Janairu, lokacin da ake hura wuta a ƙofar gida, leɓe na tsagewa, alwala da ruwan randa tana neman ƙarfin hali. Wajen 25 shi ne ɗakin da mutum zai zauna bai nemi bargo ba, bai nemi fanka ba. Jikin ɗan Adam yana wajen 37. Idan aka ce 40 zuwa sama, to an shiga bazarar Sakkwato da Maiduguri da Agadas a watan Afrilu da Mayu, inda iskar da fanka ke kaɗawa da kanta zafi ce, domin ta fi jikin mutum ɗumi. Alhazan da suka yi aikin hajji a 2024 sun ga abin da ya fi haka, lokacin da aka auna 51.8 a Masallacin Harami na Makka a watan Yuni.

A nan akwai abin lura. Lambar da ake faɗa a rediyo zafin iska ne a inuwa, wanda aka auna a cikin wani farin akwati mai ƙofofin shan iska da ake ɗagawa sama da mita ɗaya daga ƙasa. Rufin kwano da kwalta da rairayi da cikin motar da aka rufe a rana duk suna wuce wannan lamba nesa ba kusa ba, shi ya sa a ranar da aka ce zafi 41 ne yaro ba ya iya taka ƙasa babu takalmi, kuma shi ya sa bai kamata a bar yaro ko magani a rufaffiyar mota ba ko da na ɗan lokaci ne.

Sai kuma lambobin da ke ƙasa da sifili, waɗanda ke rikita wanda bai taɓa barin ƙasa mai zafi ba. Sifili a wannan ma'auni ba ya nufin zafi ya ƙare, matsayin daskarewar ruwa ne kawai, kuma akwai sanyin da ya fi shi. Ana rubuta irin wannan da alamar ɗebewa a gaban lamba. Firiza mai kyau tana aiki a −18, kuma gwargwadon girman lambar bayan alamar, gwargwadon tsananin sanyin, saboda haka −18 ta fi −5 sanyi. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a doron ƙasa shi ne −89.2, a tashar bincike ta Vostok da ke Antatika ranar 21 ga Yuli, 1983.

Mataki na uku: a fahimci dalilin da ya sa lambobin Faranhait suka bambanta

Ma'aunin Faranhait ya girmi na Salshiyas. Daniel Gabriel Fahrenheit, wanda aka haifa a 1686 a birnin Danzig, wato Gdansk ta ƙasar Polan a yau, ya yi yawancin aikinsa a Holan, kuma ya yi suna ne wajen ƙera ma'aunan zafi masu zaiba a cikin gilashi waɗanda awonsu ke dacewa da juna, abin da ya yi wuya ƙwarai a zamaninsa. A 1724 ya bayyana ma'auninsa. Sifilinsa ya samo shi ne daga sanyin cakuɗen ƙanƙara da ruwa da wani nau'in gishiri, daskarewar ruwa zalla ta faɗo a 32, zafin jikin mutum kuma ya sa shi 96. Bayan gyare-gyaren da aka yi daga baya, ma'aunin ya tsaya a kan 32 domin daskarewa da 212 domin tafasa. A yau Amurka ce babbar ƙasar da ta riƙe shi a harkokin yau da kullum, tare da wasu ƙananan ƙasashe irin su Bahamas da Belize. Sai dai da yake littattafan kiwon kaji da na girke-girke da bidiyoyin intanet da na'urori masu yawa daga can suke fitowa ko don kasuwar can aka yi su, harafin °F yana shigowa gidajenmu ko mun so ko ba mu so ba.

Duk bambancin ma'aunan biyu ya taru ne a abu biyu. Na ɗaya, ba daga wuri ɗaya suka fara ƙirga ba, inda Salshiyas ya ce sifili, Faranhait ya riga ya kai 32. Na biyu, takunsu ba ɗaya ba ne. Daga daskarewa zuwa tafasa Salshiyas yana taku 100, Faranhait kuwa yana taku 180, domin 212 a ɗebe 32 saura 180. Wannan na nufin kowane digiri ɗaya na Salshiyas daidai yake da digiri 1.8 na Faranhait, ko kuma a ce duk taku biyar na wancan taku tara ne na wannan. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi biyu, 32 da 1.8, ba ya bukatar haddace wata doka, domin zai iya gina ta da kansa a duk lokacin da ya manta.

Mataki na huɗu: lissafin juyawa

Idan lambar a Salshiyas take ana son ta koma Faranhait, sai a ninka ta sau 1.8, sannan a ƙara 32. A ɗauki zafin bazara na 40: 40 sau 1.8 ya ba da 72, a ƙara 32 ya zama 104. Zafin jiki na 37 kuma, sau 1.8 ya ba da 66.6, a ƙara 32 ya zama 98.6, lambar da duk Ba'amurke ya sani a matsayin zafin lafiyayyen jiki. Ga wanda babu waya ko takarda a hannunsa, akwai hanyar yin wannan da ka ba tare da an yi asarar ko ɗigo ba: a ninka lambar biyu, a ɗebe kashi ɗaya bisa goma na abin da aka samu, a ƙara 32. Misali 35, ninki biyu 70 ne, a ɗebe 7 saura 63, a ƙara 32 ya zama 95.

Idan daga Faranhait za a dawo, sai a bi sawu a koma da baya: a fara ɗebe 32, sannan a raba abin da ya rage da 1.8. Lambar da ta tayar mana da hankali a daren nan, 101.3, idan aka ɗebe 32 saura 69.3, a raba da 1.8 ya ba da 38.5. Kuskuren da na fi gani wajen ɗalibai shi ne su fara rabawa kafin su ɗebe, kuma hakan yana ba da amsar da ta yi hannun riga da gaskiya. Ɗebewa ce farko a wannan hanya, kamar yadda ƙarawa ce ƙarshe a waccan. Idan lambar Faranhait ba ta kai 32 ba, amsar za ta faɗa ƙasa da sifili, misali ɗan'uwa da ke New York ya ce yau 23 suka tashi da shi, 23 a ɗebe 32 ya ba da −9, a raba da 1.8 ya zama −5, wato ruwan da ya kwana a waje ya zama ƙanƙara. Haka nan idan ya ce 50 ake yi a garinsu, kada mutumin Sakkwato ya tausaya masa a kan zafi, 10 ne kacal a ma'auninmu, sanyin da sai da rigar sanyi.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta yaɗu, wadda ke cewa a ninka biyu a ƙara 30, ko kuma a ɗebe 30 a raba biyu idan dawowa ake yi. Tana da amfani wajen ƙiyasin yanayi, domin a digiri 10 tana ba da amsa daidai, a 20 kuma tana ba da 70 maimakon 68, wanda ba wani abin damuwa ba ne ga mai son sanin irin rigar da zai sa. Amma kuskurenta yana girma yayin da lamba ke hawa, kuma ina roƙon kada a kusance ta a maganar zazzaɓi. A gwada ta da 104: a ɗebe 30 saura 74, a raba biyu ya ba da 37. Ga wanda ya yarda da wannan amsa, yaronsa lafiya lau yake, alhali ainihin zafin jikinsa 40 ne, matsayin da ake ɗaukar yaro a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Domin jikin mutum, gara a rubuta lambobi huɗu a takarda a liƙa a jikin akwatin magani: 98.6 ita ce 37, 100.4 ita ce 38, 102.2 ita ce 39, 104 ita ce 40.

Wasu lambobi biyu suna da sauƙin riƙewa saboda juyin juna ne, 16 a Salshiyas kusan 61 ne a Faranhait, 28 kuma kusan 82. Wannan yana taimakon wanda rimot ɗin na'urar sanyaya ɗakinsa ya koma nuna 61 ko 75 ko 82, inda 75 ɗin take daidai da wajen 24. Wuri ɗaya tak ma'aunan biyu suke haɗuwa su faɗi lamba iri ɗaya, shi ne −40.

Mataki na biyar: a rarrabe matsayin zafi da tazarar zafi

Wannan shi ne inda hatta masu ilimi suke tuntuɓe, kuma shi ne matakin da na fi so a tsaya a kansa. Lambar 32 tana shiga lissafi ne kawai idan ana maganar matsayin da zafi yake, wato abin da na'ura ta nuna. Idan kuwa maganar ƙari ce ko ragi, wato nawa zafin ya hau ko ya sauka, to babu ruwan 32, 1.8 kaɗai ake aiki da ita. Dalilin a bayyane yake: 32 gyaran wurin farawa ne, tazara kuwa ba ta damu da inda aka fara ba, kamar yadda nisan Kano da Zariya ba ya canjawa ko daga Legas aka fara ƙirga kilomita ko daga Katsina.

Masu kiwon kaji sun fi kowa bukatar wannan. Littattafan Amurka suna cewa a ajiye 'yan tsaki a 95 a makon farko, sannan a riƙa rage digiri 5 kowane mako. Lambar farko matsayi ce, saboda haka a ɗebe 32 a raba da 1.8, ta ba da 35. Lamba ta biyu tazara ce, saboda haka rabawa kawai za a yi, 5 a raba da 1.8 ya ba da wajen 2.8, a ce digiri 3 a kowane mako: 35, sai 32, sai 29, har su yi gashi. Wanda ya saka 5 ɗin nan a manhajar juya awo ta waya zai ga −15, amsar da ba ta da wata alaƙa da abin da ake nufi. Wanda kuma ya ɗauki 5 ɗin yadda take ya riƙa rage digiri 5 na Salshiyas, to ya kusa ninka ragin da aka ce, kuma a daren hunturu zai tarar 'yan tsakinsa sun cure wuri ɗaya a gindin fitila suna danne juna saboda sanyi. Injin ƙyanƙyasa ma haka yake. Ƙwan kaza a injin mai fanka yana bukatar 37.5 na tsawon kwana 21, wato 99.5 a Faranhait, kuma kaucewar digiri ɗaya na Salshiyas, wanda ke kusa da biyu na Faranhait, ta isa ta lalata ƙyanƙyasa idan ta daɗe.

Haka abin yake a labaran sauyin yanayi. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta yi maganar tsayar da ƙarin ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin kada ya wuce 1.5. Waɗannan ƙari ne a kan matsakaicin zafin duniya na kafin zamanin masana'antu, don haka a Faranhait 3.6 ne da 2.7. Duk fassarar da ta mayar da 1.5 ta zama 34.7 ta ɗauki tazara a matsayin matsayi.

Mataki na shida: Kelbin, ma'aunin masana kimiyya

Salshiyas da Faranhait duka sifilinsu zaɓaɓɓe ne, mutum ne ya ga dama ya ajiye shi a inda ya ajiye. A 1848 William Thomson, malami a jami'ar Glasgow wanda daga baya aka ba sarautar Lord Kelvin, ya kawo shawarar ma'aunin da zai fara daga ƙarshen sanyi baki ɗaya. Zafi a haƙiƙa motsin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu ne, idan abu ya yi zafi motsinsu ya ƙaru, idan ya huce ya ragu, kuma akwai iyakar da ba a iya rage shi ƙasa da ita. Wannan iyaka tana −273.15 a Salshiyas, ita ce sifilin Kelbin, kuma shi ya sa ba a samun lamba mai alamar ɗebewa a awon yau da kullum na wannan ma'auni.

Lissafinsa ya fi na Faranhait sauƙi, domin girman takunsa ɗaya ne da na Salshiyas. A ƙara 273.15 a kan Salshiyas a sami Kelbin, a ɗebe ta a dawo. Ƙanƙara tana narkewa a 273.15, jikin mutum yana 310.15, ruwa yana tafasa a wajen 373. Ana rubuta shi da harafin K shi kaɗai, ba a sa masa alamar digiri, tun bayan shawarar taron awo na 1967. Shi ne ainihin ma'aunin zafi a tsarin awo na ƙasa da ƙasa, kuma tun daga 20 ga Mayu, 2019, an daina ɗora ma'anarsa a kan ruwa, an mayar da ita kan wata tsayayyar lamba ta kimiyya da ake kira da sunan Boltzmann. Wannan sauyi bai taɓa awon asibiti ko na kicin da komai ba.

Amfanin Kelbin yana fitowa ne idan ana maganar ninki. Ba daidai ba ne a ce ranar da aka yi 40 ta ninka ranar da aka yi 20 zafi, domin a ma'aunin da ya fara daga ainihin sifili lambobin 313 ne da 293, ƙarin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya riƙe wannan da kyau: duk lissafin da ya shafi kumburar iska ko matsinta a cikin tulun gas ko tayar mota, sai an mayar da zafin Kelbin kafin a ninka ko a raba. Harafin K da ake gani a kwalin ƙwan lantarki, kamar 2700K ko 6500K, shi ma Kelbin ne, amma launin hasken yake bayyanawa, na farko ja-ja mai kama da na fitilar ƙwai, na biyu fari tas, ba lallai ne ƙwan ya kai wannan zafi ba.

Akwai wasu ma'aunai biyu da ake iya cin karo da su a tsofaffin littattafai. Na Réaumur, wanda ya fito a Faransa wajen 1730, ya raba tsakanin daskarewa da tafasa gida 80. Na Rankine, na 1859, ya fara daga ainihin sifili kamar Kelbin amma da takun Faranhait, wasu injiniyoyin Amurka suna amfani da shi har yanzu.

Mataki na bakwai: a gwada na'urar, a kuma iya karanta ta

Lissafi mai kyau ba ya gyara awon da aka ɗauka ba daidai ba. Ma'aunin kicin ko na firji ko na gidan kaji mai tsinken da ake tsomawa a ruwa ana iya gwada shi a gida. A farfasa ƙanƙarar ruwa zalla, ba ta zoɓo ko wadda aka sa wa sukari ko gishiri ba, a cika kofi da ita, a zuba ruwa kaɗan ya cike ramukan da ke tsakani, a motsa, a jira minti biyu ko uku, sannan a tsoma tsinken a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Ya kamata ya nuna sifili, ko 32 idan a Faranhait yake. Idan ya nuna 2, to a san yana ƙara biyu a wannan yanki, a riƙa la'akari da haka ko a sauya shi. Ma'aunin jikin mutum ba ya shiga wannan gwaji, domin an yi shi ne ya auna tsakanin wajen 32 da 42 kawai.

Gwaji da tafasasshen ruwa yana bukatar ƙarin hankali, domin 100 ɗin nan ta bakin teku ce. Gwargwadon yadda wuri ya yi tudu, gwargwadon raguwar nauyin iskar da ke danne ruwan, sai ya tafasa da wuri, ana rasa kusan digiri ɗaya a kowace mita 300 ta hawa. A Legas ruwa zai tafasa a kusan 100, a Kano wajen 98, a Jos kuwa, da ke kan tsaunin da ya kai wajen mita 1,200, a wajen 96. Na'urar da ta nuna 96 a tukunyar da ke tafasa a Jos gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne dalilin da ya sa wake ke ɗan ƙara jinkirin nuna a can.

Wajen auna jiki, a fara duba harafin da ke gefen lamba, C ne ko F. A yawancin ƙananan na'urori masu batir, danne maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙoƙi lokacin da na'urar ke kashe yana sauya ma'aunin, masu kama da bindiga da ake nunawa a goshi kuma suna da maɓallinsu na daban, tare da wani zaɓi na auna jiki ko auna saman kaya, wanda dole ya kasance a kan jiki. Kada a auna goshin wanda ya shigo daga rana yanzu ko wanda gumi ya jiƙa, a bar shi ya huta a inuwa tukuna. Idan a hammata ne, a share gumi, a sa bakin na'urar can cikin lungun, a matse hannun a jikin haƙarƙari har ta yi ƙara. Awon hammata yakan gaza ainihin zafin cikin jiki da wajen rabin digiri, shi ya sa ma'aikatan lafiya a yankunan zazzaɓin cizon sauro suke ɗaukar 37.5 a hammata a matsayin zazzaɓi. Jaririn da bai kai wata uku ba idan ya kai 38, asibiti za a kai shi ba tare da jira ba, haka nan idan sabon haihuwa ya sauka ƙasa da 36.5 to sanyi ya fara kama shi, a haɗa shi da ƙirjin uwarsa a lulluɓe su. Mai amfani da tsohon ma'aunin gilashi ya girgiza shi har zaibar ta sauka ƙasa da 35 kafin ya sa, idan kuma ya fashe kada a taɓa zaibar da hannu ko a share ta da tsintsiya, a fitar da yara, a buɗe tagogi, a tattara ta da kwali mai kauri a zuba a kwalba mai murfi, domin tururinta guba ne.

Lokacin da za a rubuta awon domin a nuna wa likita, a rubuta lambar da harafinta da lokacin da aka auna da wurin da aka auna, misali 38.5 °C, hammata, ƙarfe biyu na dare. Wanda ya tsallaka Maraɗi ko Yamai neman magani zai ga an rubuta masa 38,5 da waƙafi a takardar asibiti, domin a tsarin rubutun Faransanci waƙafi ne yake tsayawa a matsayin ɗigo, kuma lambar ɗaya ce da tasa.